Saƙon Manaja da Ban Isar Maka Ba

Zuwa ga yayana Kwami, bakaniken ƙasar Togo, wanda ya zauna a ɗakin zauren gidanmu a Funtuwa.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Jummai da Asabe da duk waɗanda Allah Ya ƙara muku bayan rabuwarmu. Ni ne Lawal ɗan Malam Ɗahiru, akawun kamfanin auduga, wanda kake kira da sunan mai yatsun tafireta. In ka tambayi lafiyarmu, muna nan kalau, sai tsufa da ya zo ya tare a gwiwoyina.

Ba ni da adireshinka, ban ma san ko kana raye ba. Shi ya sa na rubuta wannan a fili inda kowa zai karanta, ko Allah zai sa ta faɗa hannun wani da ya san wani da ya san ka. Masu karantawa su karanta, ba zan hana su ba. Na daɗe ina ɓoye abin da zan faɗa, kuma ɓoyon bai rage mini komai ba.

Abin da ya taso da maganar, jikana ne Kabiru. Ya karanci aikin jinya, wani asibiti a ƙasar waje ya ɗauke shi. Ya zo sallama, ya zauna a gabana yana yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa tsoho sabon abu. Wai asibitin ne zai ɗauki nauyin zamansa, in ya yi musu aiki na shekarun da aka yanka za su nema masa takardar zama ta dindindin, amma in ya bar su kafin lokacin, duk abin da ya tara ya rushe. Na bar shi ya kai aya, don yaran yanzu ba sa son a katse su. Da ya gama na ce masa ko wa ya ba shi shawarar ya bar aikin kafin takardar ta fito kada ya saurara, ko da ni ne. Ya yi dariya. Ni kuwa ban yi ba, domin duk garin nan babu wanda ya san wannan ƙa'ida kamar ni.

Ka tuna zuwanka? Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Injinan kamfani sun addabi kowa, kaka ta ƙarato, dilolin auduga za su fara shigowa daga Dandume da Malumfashi, ga shi an rasa mai hannun da zai iya da injinan. Sai Manaja ya rubuta wa reshensu na bakin teku, aka turo ka. Ka sauko daga jirgin ƙasa da akwatin ƙarfe ɗaya, rabinsa tufafi rabinsa sifanu. Ba ka jin Turanci, ba ka jin Hausa, sai Faransanci da yarenku. Da hannu muka yi magana har na kai ka gida, domin an ce ni zan nema maka masauki, ni kuma ban san wani masauki ba sai gidan ubana.

Hausa kam ka kama ta da wuri, sai dai ka yi shekara guda kana ce wa Baba "ta tafi masallaci". Innarmu takan yi dariya har ta riƙe ciki. Turanci ne ka ƙi, ka ce kanka ya cika da harsuna, babu sauran wuri. Saboda haka duk abin da ke tsakaninka da Manaja ta bakina yake bi, kuma duk takardar da ta shafe ka ta yatsuna take fita.

Ni nake riƙe da fayil ɗinka. A ciki akwai takardar da kamfani ya sa hannu cewa shi ya kawo ka, shi ke ɗauke da nauyinka, kuma zamanka a ƙasar nan yana rataye ne da aikinka a wurinsu. Duk shekara nakan buga wasiƙar neman sabuntawa, in kai gidan waya da kaina. A ƙasan kowace wasiƙa, can kusurwar hagu, akawu yakan sa haruffan farko na sunansa, don a san wanda ya buga. Na taɓa nuna maka nawa ina taƙama, na ce ka ga waɗannan biyun, to ni ne nan, sunana yana zuwa har Kaduna. Ka dafa kafaɗata ka ce ashe ina da babban mutum a gida ban sani ba.

Na kuma gaya maka da bakina, ba sau ɗaya ba, cewa in ka cika shekarun da hukuma ta yanka kana tare da kamfanin, Manaja zai rubuta a ba ka takardar da ba ta da wa'adi. Daga nan ka zama mai kanka, ka yi aiki inda kake so. Ina maimaita wannan ne don kada wani mai karatu ya yi mini uzurin rashin sani.

A shekararka ta biyu Baba ya ba ka aron gona, wadda ke gefen rafi. Ka shuka dawa da gyaɗa, kunyoyinka a karkace kamar tafiyar mai maye, maƙwabta suna tsokanarka cewa ka zo da sifana ka miƙe su. Ba ka ji haushi ba, ka shiga gayyar kowa, ka yi noma a gonar kowa. A shekara ta uku ka auro Jummai daga wani ƙauyen Maguzawa a bayan Malumfashi, Baba ne ya tsaya maka a matsayin uba. Da aka haifi 'yarku ranar Asabar, ka yi ta murna wai ta biyo ka, don kai ma sunanka na ranar Asabar ne a can wajenku.

Ka san al'adarmu, amma bari in faɗa saboda yaran da ke karantawa. Wanda aka ba aron gona yana iya shuka duk abin da za a girbe a shekara. Abin da ba ya yi shi ne dasa itace. Itace yana daɗewa fiye da mai shi, wanda ya dasa kuwa ya ce ke nan nan wurin nasa ne, shi da 'ya'yansa. Baƙo bai isa ya yi wannan da kansa ba, sai in mai ƙasar ne ya ce ya yi.

Ran nan da farkon damina Baba ya kira Mai Unguwa da dattawa biyu, ya sa na ɗauko dashen mangwaro huɗu a kwando, muka tafi gonar. Ya miƙa maka su ɗaya bayan ɗaya. Bai yi dogon jawabi ba, cewa kawai ya yi, "Kwami, dasa. Daga yau ba aro kake ba." Ka durƙusa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙaton mutum kamarka, kana share ido da bayan hannu, baƙin mai yana shafar fuskarka. Ka kewaye kowane dashe da ƙaya saboda awaki. Ni na riƙe maka kwandon, kuma wallahi a ranar farin cikina na gaskiya ne.

Yanzu sai in zo kan abin da na yi.

Na gaji da zama yaron ofis. Ina ganin sa'o'ina da ba su yi ko rabin karatuna ba ana gaishe su a kasuwa, ni kuwa in Manaja ya buga ƙararrawa sai in zabura. Ina son a ce wancan wurin na Lawal ne. Sai na sami wani mataccen injin niƙa da aka yar, na sami fili kusa da kasuwa. Kai ka tashe shi a ranakun Lahadi bayan ka dawo daga coci, ka kwance shi ɗai-ɗai ka mayar, har ya yi tari ya kama. Amma tsohon inji ne mai rigima, ba ya yini bai tsaya ba, kuma ba ya jin maganar kowa sai taka. Ga shi na ji labarin wani ɗan kasuwa zai kafa sabon inji a unguwar kafin girbi. Na ga in ban buɗe da wuri ba, matan unguwa za su saba da wancan, ni in tashi a tutar babu.

A lokacin saura wata bakwai ka cika shekarunka. Na san adadin sarai, don ni na rubuta shi da jan biro a bangon fayil.

Na fara yi maka zuga. Na ce har yaushe mutum mai hannu irin naka zai yi ta yi wa wasu bauta. Na ce mu haɗa kai, ni baki kai hannu, bayan niƙa mu buɗe wurin gyaran motoci. Ka yi ta jinjina maganar kwana da kwanaki. Wata rana da la'asar muna gona kana gyara ƙayar dashen nan, ka ɗago ka tambaye ni, "Lawal, takardar fa?" Na nuna maka mangwaron na ce, "Wanda Baba ya ce ya dasa itace a gaban Mai Unguwa, wace takarda kuma yake nema?"

Ka yi murmushi, hankalinka ya kwanta. Da wani ne ya faɗa maka da ka yi shakka. Amma ni ne mai fayil, ni ne mai jin Turanci, ni ne ɗan mai gonar. Na ɗauki abu mafi daraja da ubana ya taɓa ba wani mutum na rufe maka ido da shi.

Ba zan ce ban yaudari kaina ba ni ma. Na ce a raina wa ya taɓa ganin ma'aikacin shige da fice a Funtuwa? Garin cike yake da baƙi, Yarabawa da Inyamurai da Nufawa da mutanen ƙasashen renon Faransa masu zuwa cin rani, wa ya taɓa tambayar wani takarda? Abin da na ƙi tunawa shi ne su babu fayil da sunansu a ofishin kowa, kai kuwa akwai.

Ni na buga maka takardar barin aiki. Ka sa hannu, muka shiga wurin Manaja tare da safe. Ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ka. Sai ya fara magana, ya daɗe yana yi, yana nuna ka, yana nuna kalandar bango, yana ƙirga watanni da yatsu. Yana gargaɗinka ne cewa in ka tafi yanzu takardarka ta mutu. Da ya gama ya ce in fassara maka. Na juyo na ce maka wai yana baƙin cikin rabuwa da kai, yana yi maka fatan alheri.

Ka kalle ni ka ce, "Duk wannan doguwar magana, iyakarta ke nan?" Na ce ai haka Turanci yake, zagaye-zagaye ne da shi. Ka yi dariya. Manaja ya tambaye ni ko ka gane, na ce ka gane. Ya girgiza kai, ya miƙo maka hannu.

Kashegari ya kira ni da littafi da fensir, ya faɗi wasiƙar sanar da hukuma cewa kamfani ya sauke nauyinka. Dole ne ya yi, haka ƙa'ida ta ce. Na buga ta tsaf, babu gyara ko ɗaya, na sa haruffana biyu a kusurwa kamar kullum, na manna kan sarki, na kai gidan waya. Na tsaya a bakin akwatin wasiƙu na ɗan jima da ambulan a hannu. Daga baya na saka, na dawo ofis na sha shayina. A ƙarshen watan ni ma na ajiye aiki.

Wata huɗu muka yi muna jin daɗi, ba zan ɓoye ba. Layin ƙwarya da kwano tun daga bakin ƙofa har gindin durumi. Kai kana ciki fari fat da gari, kana waƙar yarenku da ba wanda ke ji saboda ƙarar inji. Ni ina waje da sabuwar hula, ana ce mini mai inji. Har na fara mantawa.

Sai ga ɗan doka da takardar kira. Wani ma'aikacin shige da fice ya zo daga Kaduna yana nemanka. Baba ya ce ai wannan ƙaramar magana ce, rashin sani ne ya sa. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya biya ya ɗauki Mai Unguwa, muka tafi mu huɗu.

Ma'aikacin Bahaushe ne, mai ladabi, har ya tashi ya ba Baba kujerarsa. Baba ya yi masa bayani tiryan-tiryan, cewa kai ba baƙo ba ne, ka yi aure a nan, ka haihu a nan, ka ɗauki gawa da mu ka ci suna da mu, kuma shi da hannunsa ya ba ka itace ka dasa, ga shaida a zaune. Ya ce in yana so ya taso yanzu a je gonar ya gani da idonsa. Mutumin ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Baba, ni ma ɗan manomi ne, na san abin da itace yake nufi. Amma littafin da aka ba ni ba shi da gurbin itace."

Daga nan ya ciro wasiƙar kamfani ya karanta, yana mayar da ita Hausa layi bayan layi. Ya zo wurin da aka ce an bayyana maka abin da zai biyo baya ta bakin tafinta, kuma ka ce ka gane. Ka ce a ba ka takardar. Ba ka iya karanta ta ba, amma ka san inda za ka duba. Ka ɗora yatsa a kusurwar hagu, kan haruffan nan biyu, har baƙin mai ya bar shaida a wurin. Ka ɗago ka kalle ni sau ɗaya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ina jira ka yi magana, ka tona ni a gaban ubana da Mai Unguwa, ko ka shaƙe ni, da na fi samun sauƙi. Sai ka mayar da takardar ka ce wa ma'aikacin, "Haka ne, an gaya mini. Ni ne na manta."

Yaya, ƙaryar nan da ka yi don ka rufa mini asiri ta fi komai ci mini rai a rayuwata.

Mun koma wurin Manaja, amma gurbin baƙo da aka ba kamfanin ƙidayayye ne, kuma an riga an sa wani a naka. Aka ba ka 'yan makonni ka tattara.

Ka san abin da ka yi da makonnin nan? Ka zo wurin inji kullum da sassafe, ka tsayar da ni a gabansa. Ka koya mini yadda ake fitar da iska daga bututun mai, yadda ake ɗaure bel, yadda ake saita farantan niƙa, yadda zan gane ciwonsa daga sautinsa. In na yi kuskure ka sa in sake, ba faɗa ba tsaki. Ba ka ɗaga maganar ofis ba ko sau ɗaya. Sau da yawa na buɗe baki zan ce ka yafe mini, sai in ji kaina ina tambayar lambar sifana. Ka bar mini rabin kayan aikinka, ka ce sun yi maka nauyi.

Jummai ta ce inda ka sa ƙafa nan za ta sa. Mace da ba ta taɓa wuce Zariya ba, za ta ƙasar da ba ta jin ko gaisuwarsu. Uwarta ta zo daga ƙauye da ƙullin daddawa da kuka, ta zauna a tsakar gidanmu ta rungume Asabe.

Ranar tafiya ka biyo ta wurin inji da safe. Ka ce, "Mangwaron nan, ka riƙa ba su ruwa da rani. Shekara biyu kawai, daga nan za su kama kansu." Na ce to. Ka ce sai mun haɗu a tasha.

Ban je ba. A garin da ko baƙon yini ɗaya ake taka masa zuwa bakin hanya, ni na bar wanda ya yi shekaru a gidanmu ya tafi ban raka shi ba. Na ce wai layi ya yi yawa. Duk unguwa ta tafi, har da matan da suka ajiye ƙoransu a gabana suka ce za su dawo. Na zauna ni kaɗai da inji. Da na ji jirgi ya yi kuka, na tashi na ƙara wa injin wuta, babu ko ƙwayar hatsi a cikinsa, don kada in ji na biyu.

Baba ya dawo daga tasha bai tambaye ni komai ba, har ya koma ga Allah bai tambaya ba. Amma a ranar ya ce wa Inna daga yau a riƙa daka masa nasa garin a turmi. Bai ƙara cin tuwon da aka niƙa a injina ba. Ka yi tunani, ɗansa ke da injin da ke ciyar da rabin unguwa, ga uwata tsohuwa tana daka kullum da hantsi. Mutane suka ce tsofaffi ne da son abin da suka saba. Ni na san ba haka ba ne. Shekara tara ina jin taɓaryar nan.

Uwar Jummai kuma takan zo duk lokacin da mangwaro ya nuna. Ba gidanmu take fara zuwa ba, gonar take zuwa ta zauna. In na je sai ta tambaye ni ko an sami labari, tunda ni ne mai karatu. Nakan ce ba a samu ba tukuna.

Nan ma ƙarya nake. Ka rubuto sau ɗaya, bayan kamar shekara guda. Wani ne ya rubuta maka da Hausar boko mai gargada. Ka ce kun sauka lafiya, ka sami aiki a tashar jiragen ruwa, Jummai tana fama da kewar gida, Asabe ta fara magana. Ka gaishe da Baba da Inna da Mai Unguwa, ka gaishe da inji. A ƙarshe ka yi tambaya ɗaya: sun rayu? Na zauna gaban takarda ya fi sau goma. Ni da na yi shekaru ina buga wasiƙun wasu, na kasa haɗa layi biyu. Na kasa nuna wa Baba, don zai ce in karanta masa in kuma ba da amsa. Na kasa nuna wa tsohuwar, don za ta tambayi abin da ya kai 'yarta can. Na sa wasiƙarka a ƙasan akwati. Tsohuwar ta mutu ba ta san jikarta ta yi baki ba. Sai bayan shekara ashirin na yi ƙarfin halin rubutawa, takardar ta yi yawonta ta dawo mini.

Injin ya yi mini arziki, ba zan raina ba. Da shi na yi aure, na gina gida, na je Makka. Ana ce mini Alhaji Lawal mai inji, ana kawo mini shari'ar unguwa in sasanta, ana cewa ni mutum ne mai amana. Duk lokacin da aka faɗi haka nakan sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne.

To, ni tafinta ne da aka ba saƙo bai isar ba. Bari in sauke shi yau, ko da ya makara. Ga abin da Manaja ya ce a gaya maka a safiyar nan, ban manta ko kalma ɗaya ba.

Ya ce in ka fita yanzu, dole ya sanar da hukuma, kuma za su ce ka bar ƙasar. Ya ce ka yi haƙuri da wata bakwai, shi da kansa zai rubuta a ba ka takardar dindindin. Ya ce ya ji labarin injin niƙa, in don shi ne, ka riƙa tashi da wuri kana zuwa can, zai kau da kai. Ya ce yana da niyyar ba ka shugabancin duk ɗakin gyara. Wannan ne ya tsorata ni, na ga in ka ji ba za ka taɓa baro su ka zo wurina ba. Sannan ya ce ya yi aiki a ƙasashe da yawa, bai taɓa ganin bakanike mai kunne da hannu irin naka ba, kuma yana so ka san haka ko ka zauna ko ka tafi. Har wannan na hana ka, Yaya, yabon da babu abin da zai rage mini.

Saura amsar tambayarka. Na ba su ruwa. Rani biyu ina ɗaukar garwa daga rafi da kafaɗata, ban taɓa aiken kowa ba, abu ɗaya ke nan da ka sa ni na yi shi daidai. Ɗaya gara ta cinye shi a shekara ta uku. Uku sun rayu. Suna nan yanzu, mutum biyu ba sa iya rungumar gindin babban. Gari ya ci gonakin da ke kewaye, duk an gine, an yi ta zuwa ana neman in sayar. Da aka zo rabon gadon Baba na ce a fitar da gonar nan, ba tamu ba ce, an bayar a gaban shaidu. Har yau in ka tambayi mai babur ya kai ka mangwaron Kwami zai kai ka, ko da bai san waye Kwami ba. 'Yan unguwa suna sha, matafiya suna sha, 'ya'yana da jikokina sun sha. Ni ban taɓa kai ko ɗaya bakina ba.

In Asabe tana raye, yanzu ita ma tsohuwa ce. Asabe, ko ɗanki, ko jikanki, in wannan ta iso gare ku: kuna da gona a Funtuwa, ubana ne ya ba Kwami. Ku zo ku karɓa. Ba zan tambaye ku wata takarda ba.

Yaya Kwami, ka yafe mini. Na ci amanarka ina sane, na raba ka da garin da ka zaɓa, na raba Jummai da uwarta, na sa ubana ya mutu da kunyar ɗansa. Ba ni da hujja, kuma na gaji da neman ta.

Allah Ya sa inda ka je ka sami waɗanda suka riƙe ka fiye da yadda na riƙe ka. Allah Ya sa ka dasa wasu itatuwan ka zauna a inuwarsu. In kana raye, Allah Ya ba ka lafiya da sauƙin tsufa, Ya sa wani ya karanta maka wannan da harshen da kake ji, ya kuma faɗa maka duka, kada ya rage komai. In kuwa ka riga ni, Allah Shi ne Ya san bayinsa, Ya kuma san abin da ka yi a ofishin nan. Ina roƙonSa Ya sassauta mini ranar da za a tsayar da mu tare.

Ka gaishe da Jummai.

Ni ne ƙaninka, in har ka yarda in ci gaba da amsa sunan,
Lawal.